Kaɗaici a Wurin Aiki da Shagala da Intanet: Ina Alhakin Shugaba?

Ma'aikatu da dama suna ɗaukar amfani da intanet don harkokin kai a lokacin aiki a matsayin satar lokaci. Maganinsu kuwa sananne ne: a toshe Facebook da YouTube, a sa ido a kan kwamfutoci, a ba wanda aka kama takardar gargaɗi. Wannan maƙala tana ganin cewa sau da yawa wannan shagala alama ce ta kaɗaici, kuma shugaban da ya tsaya a kan hukunci kaɗai yana iya ƙara ta'azzara abin da ya haifar da ita.

A 1981 Daniel Perlman da Letitia Peplau sun fassara kaɗaici da giɓin da ke tsakanin hulɗar da mutum yake so da wadda yake samu. Ke nan ma'aikaci na iya zama a ofishin da ke cike da jama'a amma yana fama da shi. Rahoton Gallup na 2024 ya nuna cewa ɗaya cikin kowane ma'aikata biyar a duniya yana jin kaɗaici sosai. Adadin ya kai kashi 25 cikin ɗari a tsakanin masu aiki daga gida, kashi 16 kuma a tsakanin masu zuwa ofis. Illarsa tana taɓa aikin kansa. Hakan Ozcelik da Sigal Barsade sun yi nazari a kan ma'aikata 672 da shugabanninsu 114 a Amurka, suka wallafa sakamakon a 2018: masu fama da kaɗaici ƙwazonsu ya fi rauni, kishin ma'aikatarsu ya ragu, abokan aiki kuma suna ganin suna da wuyar kusanta. Wato wanda ya fi buƙatar jama'a shi jama'a suka fi ja da baya daga gare shi, wayar hannu kuwa ba ta juya wa kowa baya.

To, intanet magani ce ko guba? Binciken Robert Kraut da abokansa a Pittsburgh a 1998 ya danganta yawan amfani da ita da ƙaruwar kaɗaici, amma da suka sake bin mutanen, rahotonsu na 2002 ya nuna akasarin illolin sun gushe. Rebecca Nowland da abokan aikinta sun daidaita wannan saɓani a 2018: idan an yi amfani da ita wajen ƙarfafa zumunci, tana rage kaɗaici, idan ta zama maɓoya daga mutane, tana ƙara shi. Saboda haka ƙirga mintoci ba ya gaya wa shugaba abin kirki. Sabon ma'aikacin da aka tura garin da bai san kowa ba, yake gaisawa da iyalinsa ta WhatsApp, halinsa daban ne da na wanda yake kife kansa a waya don kauce wa zama da abokan aiki.

Mai suka zai ce ba kowace shagala ce kaɗaici ya haifar ba. Haka ne. Vivien Lim ta Jami'ar Ƙasa ta Singafo ta gano a 2002 cewa ma'aikatan da ke jin ana tauye musu haƙƙi sukan shagala da intanet a matsayin ramuwa. Amma wannan ma yana komawa ga shugabanci ne, domin ruwa ba ya tsami banza. Ko rashin adalci ne ko rashin abokin magana, toshe shafi ba ya kawar da ko ɗaya.

Abin da ke hannun shugaba shi ne tsarin aiki. Ya riƙa ganawa da kowane ma'aikaci a keɓe a kai a kai, ya saurare shi kafin ya tuhume shi. Ya haɗa sabon shiga da tsohon hannu. Ya raba ayyuka ta yadda mutum zai buƙaci ɗan'uwansa kafin ya kammala, domin amincin da aiki ya ƙulla ya fi na walimar dole ɗorewa. Ya kuma fito da ƙa'ida bayyananniya da ta yarda da ɗan hutu, a auna mutum da abin da ya samar.

Wannan alhaki yana da iyaka. Shugaba ba likita ba ne, kuma leƙen asirin wayar ma'aikaci da sunan tausayi cin amana ne. Amma wa ke aiki da wa, wa ake gayyata taro, wa aka manta da shi a ƙarshen baranda, duk shi yake yanke su, kuma a kansu ya kamata a fara yi masa hisabi.