Python: Kurakuran Girka Ƙarin Kayan Aiki da Yadda Ake Magance Su

Python harshen rubuta manhaja ne da Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fitar a shekarar 1991. Yana zuwa da kayan aikinsa na asali, amma mai son tsara farashin hatsi a jadawali ko yin lissafi mai nauyi sai ya ƙara masa wasu, irin su pandas da numpy. Ana sauke su ne daga rumbun PyPI da umarnin pip. Ga matashi mai koyo da kansa a Gidan Rumji, Agiye ko Gazawa, ko ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, duk girkin da ya ci tura kuɗin intanet ne suka tafi a banza. Shi ya sa kafin a sake gwadawa, a karanta layukan ƙarshe na jan rubutun da ya fito, domin galibi a nan dalilin yake.

Kwamfuta ba ta san pip ba

A Windows mai Faransanci, saƙon yakan ce « pip n'est pas reconnu ». Ma'anarsa kwamfuta ba ta san inda Python yake ba. A rubuta py -m pip install pandas, ko a sake girka Python a zaɓi akwatin da ke ɗauke da kalmar PATH.

Rezo ya yanke

Idan aka ga ReadTimeoutError, intanet ne ya yi rauni. Ƙa'idar pip ita ce jiran daƙiƙa 15, kuma ana iya tsawaita ta da pip install pandas --timeout 120. Mafita mafi sauƙin kuɗi ita ce mutum ɗaya ya sauke kayan da pip download pandas -d kaya a inda rezo ke da ƙarfi, ya zuba su a ma'ajiyar USB. Sauran sai su girka ba tare da intanet ba: pip install --no-index --find-links kaya pandas. Sharaɗi shi ne Python da Windows nasu su zama iri ɗaya.

Agogo ya ɓace

CERTIFICATE_VERIFY_FAILED kan fito a kwamfutocin hannu na biyu waɗanda ƙaramin batirinsu na ciki ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya. Sau da yawa gyara rana da lokaci ya wadatar.

Zubi bai dace ba

Saƙon No matching distribution found na nufin an yi kuskuren rubuta sunan, ko kayan ba su dace da zubin Python da ke kwamfutar ba. Windows 7 ba ya ɗaukar abin da ya wuce Python 3.8, Python 2 kuwa an daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020. Sabon zubi ma yana da tasa matsalar: idan aka nemi Microsoft Visual C++ 14.0, galibi ba a kai ga shirya kayan domin zubin ba, kuma komawa wanda ya gabace shi ya fi araha.

Linux ya hana

Tun daga Debian 12 da Ubuntu 23.04, waɗanda suka fito a 2023, pip kan amsa da externally-managed-environment domin kare tsarin kwamfutar. A buɗe wa aikin keɓaɓɓen wuri da python3 -m venv aiki, a kunna shi da source aiki/bin/activate, sannan a girka.

An girka, amma ba a gani

ModuleNotFoundError bayan girki ya yi nasara alama ce ta Python biyu a kwamfuta ɗaya. Amfani da python -m pip yana kai kayan ga wanda ake aiki da shi. Idan kuma wuta ce ta ɗauke ana tsakiyar girki, a maimaita umarnin tare da --force-reinstall.