Inci Uku na Haƙuri: Tarihin Ɗanyen Wandon Jins

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, ina karatun Tarihi, na tsinci wani wandon jins a cikin dilar gwanjo wanda bai yi kama da 'yan'uwansa ba. Shuninsa ya yi duhu har yana neman komawa baƙi, jikinsa ya sandare kamar busasshiyar fata, ga kuma nauyi. Da gani, wanda ya saye shi tun farko bai taɓa sa shi ba, balle ya wanke. Aibinsa ɗaya: ƙafafun sun zarce dugadugaina da kusan inci uku. Na kai wa wani dattijon tela a unguwarmu. Ya murza yadin tsakanin yatsunsa, ya dubi shunin da ya shafar masa hannu, sannan ya miƙo mini abina.

"Ɗana, je ka jiƙa shi tukuna," in ji shi. "Yadin da bai sha ruwa ba, ba a san tsawonsa ba."

"Baba, gobe nake son sawa," na ce masa.

Bai ƙara magana ba. Na wuce wurin wani telan, ya sa almakashi ya yanke daidai yadda na nuna masa. A wankin farko wandon ya tsuke, ya ɗangale har sama da idon sawuna. Takaicin wannan asara ne ya sa ni bin diddigin al'amarin, sai na tarar ashe incin nan uku da na raina suna da tarihin da ya kai shekara 150.

Labarin ya faro ne daga yammacin Amurka. A garin Reno na jihar Nevada akwai wani tela mai suna Jacob Davis, wanda ya yi ƙaura daga birnin Riga. Abokan cinikinsa leburori ne, kuma kukansu ɗaya: aljihun wando ba ya jimre wa aiki. Davis ya ɗauki ƙananan ƙusoshin ƙarfe irin waɗanda yake maƙalawa a bargunan dawaki, ya dasa su a bakin aljihu da sauran wuraren da yadi ke saurin yagewa. Da yake ba shi da kuɗin yi wa dabarar rajista, a 1872 ya rubuta wa Levi Strauss, ɗan kasuwar San Faransisko da ke sayar masa da yadi. Ranar 20 ga Mayu, 1873 hukuma ta ba su takardar mallakar fasahar. Masu haƙar ma'adinai, manoma da makiyayan shanu su ne suka fara rungumar wannan wando, ba don ado ba, sai don ƙarko.

Yadin da ake ɗinka shi, wato denim, wanda galibi ake danganta sunansa da birnin Nîmes na Faransa, yana da wata irin saƙa ta musamman. Zaren tsaye ne kawai ake rinawa, zaren kwance kuwa fari ake barinsa. Shi ya sa bayan yadin ya fi fuskarsa haske. Rinin kuma na shuni ne, abin da ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa leƙa marinar Ƙofar Mata a Kano: ana tsoma zare ya fito da ruwan kore, iska ta buge shi ya rikiɗe ya zama shuɗi, a sake tsomawa. Ko da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897, ya karya kasuwar ganyen baba a duniya, halin rinin bai sauya ba. Shuni ba ya ratsa zare har ciki, a bayansa yake zama. Dalilin da ya sa rawanin Buzu ke shafar masa fuska, shi ne dalilin da ya sa jins ke koɗewa a gwiwa da cinya, inda jiki ke gogarsa.

Jins na wancan zamani ɗanye ake sayar da shi, kamar yadda ya sauko daga masaƙa, bai ga ruwa ba. Auduga kuwa idan an ja ta an ɗaure a kan injin saƙa, ranar da ta jiƙe sai ta koma yadda take so. Irin wannan yadi yakan tsuke da abin da ya kai kashi 10 cikin 100. Saboda haka mai saye yakan ƙara inci ɗaya ko biyu a ƙugu, biyu ko uku a tsawo, ya naɗe ragowar ƙafar sama har zuwa lokacin da wanki zai cinye ta. Iyaye ma sukan saya wa yaro wanda ya fi shi tsawo, ana warware naɗin yana girma. A nan naɗin ƙafar wando ya samo asali. Lissafin talaka ne wanda ba ya da halin sayen wando biyu, kuma ya san cewa abin da almakashi ya ci ba ya dawowa.

A 1930 wani Ba'amurke, Sanford Cluett, ya yi rajistar wata hanya ta tsuke yadi da tururi da matsi tun a masana'anta, ta yadda bayan ɗinki ba zai rage wani abin kirki ba. A ka'ida, daga ranar naɗi ya rasa dalilinsa. Amma al'ada ba ta mutuwa ranar da dalilinta ya mutu. Kamfanin Levi's ya ci gaba da sayar da shahararren samfurinsa mai lamba 501 a ɗanyensa, sinima kuma ta ba naɗin sabuwar ma'ana. Bayan Marlon Brando ya fito a fim ɗin The Wild One a 1953 cikin jins mai naɗaɗɗiyar ƙafa a kan babur, suturar lebura ta zama alamar taurin kan samari, har wasu makarantun Amurka suka hana ɗalibai zuwa da ita.

Da kasuwa ta buɗe, sai gaggawa ta shigo. Tsohon injin saƙa yana aiki ne da ƙoshiya mai kai da komo, kamar ta masaƙanmu na gargajiya, yana fitar da yadi mai faɗin inci 30 ko kusa da haka, wanda gefensa ya rufe kansa ba ya zarewa. Sababbin injina sun ninka wannan faɗi, sun kuma fi sauri nesa ba kusa ba. Zuwa shekarun 1980 manyan kamfanoni sun yi watsi da tsohuwar saƙa. Masu saye su ma sun ƙosa da jiran wando ya tsufa, suna son sabo mai kamar tsoho. Aka shiga wanke jins da duwatsu, aka shiga feshe shi da yashi don ya koɗe. Wannan tsufan ƙarya bai zo a banza ba. A Turkiyya, samarin da ke fesa yashin a ɗakuna marasa iska sun kamu da silikosis, ciwon huhun da ƙurar yashi ke haddasawa, wasu suka rasu, har gwamnatin ƙasar ta haramta aikin a 2009. Shekarun da mai saye ya ƙi jira, huhun wani ne ya biya su.

Abin mamaki, Japan ce ta riƙe abin da Amurka ta yar. A yankin Kojima na lardin Okayama, wanda ya yi suna wajen ɗinka kayan makaranta, aka fara ɗinka jins a 1965. Daga baya wasu ƙananan kamfanoni biyar na Osaka, daga Studio D'Artisan a 1979 zuwa Warehouse a 1995, suka duƙufa ga nazarin tsofaffin wandunan Amurka zare bayan zare. Masaƙun ƙasar suka dawo da injina masu ƙoshiya bakin aiki, da yawansu ƙirar Toyoda, gidan da ya haifi kamfanin motocin Toyota. Ita kuwa masaƙar White Oak ta Amurka, wadda ta shafe shekaru aru-aru tana saƙa wa Levi's yadi, an rufe ta a ƙarshen 2017.

Daga wannan farfaɗowa ne yadi mai nauyi ya fito. Ana auna denim da oza a kan kowane yadi murabba'i. Wanda aka saba gani a kasuwa yana tsakanin oza 10 zuwa 13, wanda ya haura 16 shi ake kira mai nauyi. Kamfanin Iron Heart na Japan ya yi suna da mai oza 21, wanda aka yi domin mahaya babur, Naked & Famous na Kanada kuma ya taɓa fitar da mai oza 32, wandon da ke iya tsayawa da ƙafafunsa ba kowa a ciki. Ya kamata a faɗi gaskiya: leburorin 1873 ba su san irin wannan kauri ba, nasu bai kai rabin mai oza 21 ba. Nauyin ƙari ne na masu sha'awa, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin leburan yau.

Duk da haka, ka'idojin da masu sha'awar ke bi su ne na dā. Makonnin farko wandon yakan goge ƙugu da bayan gwiwa, maɓallinsa yakan ƙi shiga, shuninsa ya ɓata farin takalmi. Sannu a hankali sai ya saki, ya karye a inda jikin mai shi ke karyewa. Ba a yanke ƙafa sai an jiƙa, ya gama tsukewa. Kafin nan naɗewa ake yi, kuma naɗi ɗaya mai faɗi ya fi dacewa, domin yadi mai kauri idan an ninka shi sau biyu yakan yi dunƙule. Naɗin yana fito da gefen saƙar, mai jan zare a tsakiya, amma yana tara yashi, kuma idan ya daɗe a layi guda yadin kan tsage a nan, don haka akan warware a kakkaɓe. Idan za a rage faɗin ƙafa, ta ɗinkin ciki ake ragewa don kada a yanke gefen saƙar da ke waje. Wajen kalmasa baki, inda ɗinki ya haɗu da ɗinki, kaurin yakan karya allura, sai tela ya daddake wurin da guduma. Masu tsantseni kuma suna neman tsohon keken Union Special mai ɗinkin sarƙa, wanda ke murɗa bakin ƙafar kaɗan, ya bar wani zane kamar igiya bayan wanki.

Ba ina kira ga kowa ya sayi wando mai oza 21 ba. A zafin bazararmu azaba ce, sai dai a jira hunturu. Abin da tarihin nan ya nuna mini shi ne cewa an yi zamanin da mutum ke sayen tufa yana lissafin shekarun da za su yi tare, yana bar mata wurin tsukewa, yana yi mata maho idan ta yage. Da masana'anta ta ɗauke mana wannan jira, wani ya biya a madadinmu, mu kuma muka manta yadda ake sauraron yadi.

Na koma wurin dattijon da ɗangalallen wandona, ina jin kunya. Bai ce "ai na faɗa maka" ba. Ya juya shi ciki da waje, ya yaba saƙar, ya tambaye ni ko ina da ƙane. Yanzu shekara uku ke nan wandon yana jikin ƙanena. Gwiwoyinsa sun yi fari, shatin wayarsa ya fito a aljihun dama. Lokacin da na ba shi, sai da ya naɗe ƙafar sau ɗaya. Bana ya warware naɗin.