Daga Kogin Kaladan Zuwa Ƙofar Kurkuku

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ta Kaladan da ke Tamale ya saba da sunan, har ba ya tambayar inda aka samo shi. Ni kaina sai da na fara aikin rediyo, ranar da wani dattijo ya bugo waya cikin shirina ya ce, "Ɗana, ka san unguwarku sunan kogi gare ta?" Na ce ban sani ba, Baba. Ya yi dariya ya ce in je in bincika.

Kaladan kogi ne a ƙasar Bama. A kwarinsa ne runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma ta gwabza da sojojin Japan a 1944. Cikinta akwai 'yan Gold Coast, wato Ghana ta yau, da 'yan Najeriya da Saliyo da Gambiya. Don tunawa da wannan yaƙi aka raɗa wa barikin sojan Tamale sunan, unguwa kuma ta gaje shi, kamar yadda Burma Camp da ke Akra ya samu nasa.

Sojojin ba da lambobin yabo kaɗai suka dawo ba. Masanin tarihi Emmanuel Akyeampong ya nuna cewa waɗanda suka dawo daga Indiya da Bama sun taimaka wajen yaɗa tabar wiwi a ƙasar nan, ko da yake wasu masana na ganin ta riga su isowa gaɓar teku ta hannun ma'aikatan jiragen ruwa 'yan Saliyo. Ko ma ta ina ta shigo, bayan yaƙin ta samu gindin zama, aka riƙa nomanta a ɓoye cikin gonaki. Hukuma ta yi ta tsaurara doka, har a 1990 gwamnatin Rawlings ta kafa doka mai lamba 236, wadda ta yanka ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ga wanda aka kama da ita.

Tarihin da aka rubuta na maza ne: soja, manomi, dillali, alƙali. Ba a rubuta wadda ta ɗauki nauyin abin da ya biyo baya ba. Ina yaro akwai wata maƙwabciyarmu mai sayar da koko da ƙosai, muna ce mata Inna. An ɗaure ɗanta saboda ƙulli kaɗan da aka samu a aljihunsa. Duk ranar ziyara za ka gan ta da kwano ɗaure cikin ɗankwali, ta nufi kurkuku. Ita ta riƙe matarsa da 'ya'yansa biyu da kuɗin koko. Da ya fito hankalinsa bai dawo daidai ba, ita ce dai ta ci gaba da yi masa wanki, tana kwana da kunne ɗaya a buɗe. Ban taɓa jin wani ya ce mata an gode ba. Abin da ake faɗa a bayan idonta shi ne ta kasa tarbiyya.

Irin su Inna ba su da wurin kai kuka. Manyan asibitocin masu taɓin hankali guda uku na ƙasar nan, na Akra da aka buɗe a 1906, da Ankaful na 1965, da Pantang na 1975, duk a kudu suke. Daga Tamale zuwa Akra tafiyar yini guda ce a mota, ga kuɗin mota, ga masauki. Saboda haka ɗakin uwa ya zama asibiti, uwa ta zama nas. A garin nan, cikin waɗanda suka rage musu nauyi akwai marigayi Dokta David Abdulai, wanda ya buɗe asibitin Shekhinah yana duba marasa ƙarfi kyauta, yana kuma kai wa masu taɓin hankali abinci a kan titunan Tamale har rasuwarsa a 2016.

A 2020 al'amari ya juya. Majalisa ta zartar da doka mai lamba 1019, wadda ta mayar da hukuncin wanda aka kama da ɗan abin shansa zuwa tara, ta kuma ba da damar noman nau'in wiwi da sinadarin sa maye a cikinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, don masana'antu da magani. A Yulin 2022 Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe saboda ba a bi ƙa'ida wajen shigar da shi ba. A 2023 majalisa ta sake dawo da shi, ta ba ministan harkokin cikin gida ikon bayar da lasisi. Shan wiwi don maye yana nan a haramce, a doka da addini. Abin da aka halatta shuka ce ta zare da iri da mai, kusan kamar ramar da muka sani, wadda ake tufka igiya da ɓawonta.

To, ganyen da ya cinye jarin Inna yau ya zama harkar masu jari. Wa zai ci moriyarsa? Kaɗanya ta riga ta koya mana darasi. Tun kaka da kakanni matan arewa ke tsintar 'ya'yanta da asuba, su dafa, su shanya, su daka, su tace man kaɗe. Da man ya samu kasuwa a Turai, riba mai tsoka ta koma hannun 'yan tsakiya da masu fitar da kaya. Inda mata suka tsira da rabonsu shi ne inda suka haɗa kai, kamar ƙungiyar Tungteiya da ke kewayen Tamale, wadda ke sayar wa kamfanin The Body Shop man kaɗe tun 1994.

Sabuwar harkar ma haka za ta kasance idan aka yi sake. Lasisi na son kuɗi da takardu da fili, fili kuma a arewa yana hannun sarakuna da masu gida. Matar da take noma a gonar aro ba ta da takardar da za ta nuna. Abin da nake gani shi ne a ba ƙungiyoyin mata damar neman lasisi a dunƙule, sarakuna su ware musu filaye da sunansu, a kira magajiyoyin unguwanni idan za a zauna shawara, sannan a ware wani kaso na kuɗin lasisin don kula da masu taɓin hankali a arewa.

Hausawa na cewa yaba kyauta tukwici. Sojojin Kaladan sun samu bariki da unguwa da sunan fagen famarsu. Inna ta rasu ba ta samu ko kalmar godiya ba. Jikarta ce yanzu ke zaune a bakin tukunyar kokon, a daidai inda kakarta ta zauna. Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa jikar ta ga abin da ita ba ta gani ba.