Awakin Daji na Ostireliya

Awakin daji na Ostireliya zuriyar awakin gida ne da suka kuɓuce ko aka sake su, suka hayayyafa a jeji ba mai kiwo. Turawan Ingila ne suka fara kawo awaki ƙasar a 1788.

Sun fi yawa a filayen kiwon tumaki masu ƙarancin ruwan sama: yammacin New South Wales, kudancin Queensland, da sassan Ostireliya ta Kudu da ta Yamma. Mutane ne suka share musu hanya. Rijiyoyin burtsatse da aka haƙa wa tumaki sun wadata su da ruwa, shingen waya mai tsawon fiye da kilomita 5,000 kuma ya tsare musu dingo, karen dajin da ke cinye 'ya'yansu.

Ƙidayar da ake yi daga jirgin sama ta nuna yawansu ya tashi daga kimanin miliyan 1.4 a 1997 zuwa miliyan 4.1 a 2008. Fari yakan rage su, amma da damina ta yi kyau sai su farfaɗo, don akuya takan haifi tagwaye.

Ɓarnarsu babba ce: suna cinye ƙananan itatuwa tun ba su girma ba. Makiyaya dai suna kama su, a fitar da naman, akasari zuwa Amurka.