Hoton Ɗan Ƙwallo: Daga Ƙunshin Cingam Zuwa Katin Miliyoyi

Kafin talabijin ta wadata a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da kunne ake kallon ƙwallo. A 1980, lokacin da Green Eagles suka lallasa Aljeriya da ci uku da nema a Legas suka ɗauki kofin Afirka, yayyenmu sun haddace sunayen Segun Odegbami da Christian Chukwu da Muda Lawal daga bakin Ernest Okonkwo na Rediyon Najeriya. Amma da ɗayansu zai sauko daga mota a mararrabar Sheme, ba wanda zai waiwaye shi. Ana jin suna, ba a san fuska ba. Ƙishirwar ganin fuskar nan ce ta sa ɗan guntun kwali mai hoton ɗan wasa ya yi daraja a hannunmu.

Hanyar da yake biyowa ita ce hanyar minti da alawa. Daga Kano ake saro kaya, a sauke a Funtuwa, 'yan koli su ɗauka su bi kasuwannin mako, Sheme, 'Yankara, Dandume, har ya iso gaban mai tebur na bakin makarantar firamare. Sai ka ba da sisi ko sule, a miƙo maka cingam, ka yage takardar. Wani lokaci jarumin fim ɗin Indiya za ka tarar, wani lokaci ɗan kokawa, in ka taki sa'a ɗan ƙwallo. Bugun ba shi da kyau ko kaɗan. Launin yakan zame, jan riga ya malalo kan wuya, sunan ma wani sa'in a karkace. Duk da haka a aljihun gaba muke sa shi, a ɗaure da kyauron roba.

Ba ajiya muke yi ba, wasa muke yi da su. A jera a ƙasa, a buga tafin hannu a gefe, wanda ya kifar da kati ya cinye shi. A yi musaya a bayan aji: masu tsaron baya uku a kan mai cin ƙwallo ɗaya, mai tsaron gida kuwa sai an haɗa da roƙo. Ba littafin farashi, amma kowane yaro ya san darajar kowane hoto, kuma darajar tana hawa da sauka da abin da aka ji a rediyo daren jiya. Malamin allo in ya kama su a aljihunka sai ya ƙwace, iyaye da yawa kuma ba sa son hoto a ɗaki, don haka ƙarƙashin tabarma da cikin jakar makaranta ne ma'ajinsu.

Shekarar 1994 ce ƙololuwar abin. Najeriya ta ci kofin Afirka a Tunisiya, sannan ta je gasar duniya a Amurka karo na farko. Ran 21 ga Yuni Rashidi Yekini ya ci Bulgeriya, ya shiga raga ya riƙe ta yana kuka yana magana. Hoton nan ya zagaya ko'ina, a kalanda, a shagon aski, a bayan mota. Mukan yanko shi daga mujallar Complete Football da wani ya karanta ya gama, mu manna a kwalin sukari da ƙullun rogo don ya yi ƙwari, mu mai da shi kati. Bayan zinaren Olamfik na Atlanta a 1996 sai Kanu ya karɓe kasuwa. Amma a wurinmu babu kamar Tijjani Babangida, wanda ya koma Ajax a shekarar, da Garba Lawal. Yaran Kaduna ne, masu suna irin namu, kuma har zuwa 1987 jiharmu ɗaya da su. Ni kaina na taɓa ba da duk abin da na tara a zangon karatu guda don in mallaki Babangida ɗaya, kuma har yau ina ganin cinikin ya yi.

Sai da na girma na san cewa abin yana da dogon tarihi a waje. Tun ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin taba a Amurka da Ingila suke cusa ɗan kwali a fakitin sigari don kada ya lanƙwashe, suka fara buga hotunan 'yan wasa a kai. A 1961 'yan'uwan gidan Panini, masu sayar da jarida a Modena ta Italiya, suka fara sana'ar hotunan 'yan ƙwallo, suka fitar da kundin gasar duniya na farko a 1970. Abin da ya iso mana a cikin cingam kwaikwayo ne na wancan, mai arha, ba lasisi.

Gidajen kallon ƙwallo ne suka fara kashe al'adar. Da tauraron ɗan'adam da janareta suka shigo, yaro yana biyan kuɗi kaɗan ya ga Thierry Henry yana gudu da ƙafarsa, me zai yi da hoton da ba ya motsi? Manyan fastocin Arsenal da Chelsea suka maye gurbi, sannan waya ta zo ta gama da sauran. Rashin tsaro kuma ya karya hanyar da kayan ke bi. Bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, da katse layukan waya a ƙananan hukumominmu a 2021, ɗan koli da ya yi kasadar shiga ƙauye gishiri da sabulu yake kaiwa, ba hoto ba.

Yanzu katin ya dawo ta wata ƙofa. Samari suna ganin sababbin fitowar Topps da Panini a waya, suna tambayar ko akwai riba. Na riƙe irinsu a hannu a Kano, kuma ba zan rage musu komai ba: kwali mai kauri, hoto tangaran, ƙyalli kamar madubi, wani da sa hannun ɗan wasan, wani da ƙyallen riga a ciki. Ta fuskar aiki namu bai kama ƙafarsu ba.

Inda nake da ja shi ne wajen daraja. Ƙarancin da muka sani na gaske ne, don fuskar ce ba a samu. Na yanzu kamfani ne ke ƙera shi: ya buga dubbai na gama-gari, ya buga 99 ko 10 ko ɗaya tak mai lamba, ya watsa cikin fakiti a rufe. Kundin Panini na gasar duniya ta Qatar 2022 hotuna 670 ne, biyar a fakiti, kuma yawancin abin da za ka buɗe maimaici ne. Sayen abin da ba ka san cikinsa ba da fatan dacewa, malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna irinsa a babin garari. Sisin cingam ɗinmu ma da ɗan wannan a ciki, amma ko ba komai ka tauna cingam, kuma ba wanda ya sayar da akuya don shi. Gaskiya ne an sayar da katin Pele na 1958 a kan dala miliyan 1.33 a 2022. Sai dai irin wannan farashi yana bukatar a aika kati Amurka wurin kamfani irin PSA, ya duba kusurwa da gefe da fuska da daidaiton bugu, ya ba da maki daga 1 zuwa 10, ya rufe shi a roba. Kuɗin aikawa da dala ne, jabu ya cika kasuwa, ƙurar hunturu da damshin damina kuma ba sa barin kusurwa lafiya. Wanda ya saya a Faskari don ya sayar da riba, wa zai sayar wa?

Kundin na 2022 ma babu Najeriya a cikinsa, tunda Ghana ta fitar da mu a Abuja. Ahmed Musa da ya ci Ajantina biyu a 2014 ya ci Iceland biyu a 2018 yana cikin kundayen baya, amma 'yan wasan Katsina United da na ƙungiyoyin unguwanninmu ban taɓa ganin an buga musu kati ba. Hotunansu suna nan, waɗanda masu hoto suka ɗauka a filin firamare kafin a take wasa, sahun gaba a tsugune, na baya a tsaye, wasu da sunaye a rubuce da biro a baya. Maɗaba'un Zariya da Kano za su iya buga su a kwali mai kyau a kan kuɗin da yaro zai iya biya, in an samu wanda zai bi gida-gida ya tattaro su tun masu gane fuskokin suna raye.