Daga Kulob ɗin Turawa zuwa Filin Firamare: Yadda Ƙwallon 'Yan Dagaji Ya Iso Ƙasar Kano

Ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na farko a Najeriya na ma'aikata ne, mutanen da ke tashi daga ofis ko kanti da yamma su sauya tufafi su nufi fili, ba mai biyansu ko anini. Turawan Ingila ne suka zo da wannan tsari. A Landan aka kafa hukumar ƙwallo ta farko a 1863, aka rubuta dokokin wasan, kuma kafin ƙarnin ya ƙare fatake da matuƙan jiragen ruwa da injiniyoyin reluwe na Ingila sun kai shi kusan duk tashar da suka sauka. Su suka kafa Genoa a Italiya a 1893 da Milan a 1899, kuma Peñarol ta Uruguay ta samo tushe ne daga kulob ɗin ma'aikatan kamfanin jirgin ƙasa na Ingilishi da aka kafa a 1891. Baƙi kan kafa kulob don su ɗebe kewa, 'yan ƙasa su tsaya a bakin fili suna kallo, a kwana a tashi wasan ya koma hannunsu.

A Najeriya ta bakin teku abin ya shigo. Wasan farko da aka rubuta labarinsa an yi shi ne a Kalaba a 1904, tsakanin makarantar mishan ta Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Thistle. Amma Legas ce ta zama cibiya. A can Turawan kantuna da na gwamnati suka kafa ƙungiyar Diamond, wadda 'yan wasanta duka Turawa ne. Fitacce a cikinsu shi ne Frederick Baron Mulford, wanda aikin kamfanin ciniki ya kawo shi, ya zauna har mutanen gari suka laƙaba masa Baba Eko. Bambancinsa da sauran 'yan uwansa shi ne bai tsaya ga kulob ɗin Turawa ba. Ya riƙa shiga makarantun Legas yana koyar da yara, yana haɗa wasa tsakanin Turawa da baƙar fata a zamanin da ko wurin shaƙatawa ba sa haɗawa. A 1932 aka kafa hukumar ƙwallon 'yan dagaji ta yankin Legas, a watan Agustan 1933 kuma aka kira taron kafa hukumar ƙwallo ta Najeriya, Henry Porter ya zama shugaba, Mulford da Adeyemo Alakija suna cikin mataimakansa. Hukumar ta daɗe tana sa 1945 a tambarinta a matsayin shekarar kafuwa, amma jaridun 1933 sun nuna ta girmi haka.

Arewa ta samu wasan a makare, kuma ta wata ƙofa daban. Turawa sun ci Kano a 1903, hanyar dogo ta iso a 1911, cinikin gyaɗa ya biyo baya da kantunan Turawa da akawunansu. Joji da razdan da hafsoshin soja da aka turo Arewa mafi yawansu mutanen doki ne, hankalinsu na kan folo da sukuwa. Sarakuna ma can suka karkata, musamman Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda gidansa ya shahara da folo har yau. Ƙwallon ƙafa sai ya zama na ƙananan ma'aikata: soja da ɗan sanda a bariki, ma'aikacin reluwe, akawun UAC ko John Holt. Galibin waɗannan a Sabon Gari suke, unguwar da aka keɓe wa baƙi a wajen ganuwa tun wajen 1913, kuma da yawansu sun riga sun iya wasan tun daga Legas ko Kalaba ko Gwalkwas.

A cikin birni da ƙauyuka kuwa samari na da wasanninsu, dambe da kokawa da langa, Fulani na da sharo. Dattawa da yawa ba su ga dalilin da baligi zai sa gajeren wando yana bin tamaula a guje ba. Makarantar boko ce ta fara karya wannan. Tun daga makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a 1909, zuwa Kwalejin Katsina, zuwa Midil ta Kano da aka buɗe a 1927 wadda yau ake kira Kwalejin Rumfa, wasannin motsa jiki na cikin tsarin karatu, domin malaman Ingila sun yi imani fili na gyara halin yaro kamar yadda aji ke yi. Ɗaliban da suka fito suka zama malaman elementare da ma'aikatan En'e, aka rarraba su gundumomi.

A 1945 Gwamna Arthur Richards ya sa kofi, aka kira shi Kofin Gwamna. Sunayen waɗanda suka fara cin sa sun isa su nuna irin ƙungiyoyin zamanin: Marine ta ma'aikatan jiragen ruwa, Railway ta 'yan reluwe, UAC, da PAN Bank. Duka na wuraren aiki ne, duka kuma na Legas. Daga cikin irin waɗannan ma'aikata aka zaɓi tawagar ƙasa ta farko da ta je Ingila a 1949, Etim Henshaw na kyaftin, Teslim Balogun na gaba, yawancinsu suna wasa ba takalmi, suka kuma ci wasansu na farko da Marine ta Crosby 5 da 2.

Shekara takwas kofin bai bar Legas ba. A 1953 zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka doke Lagos Dynamos 2 da 1 a wasan ƙarshe, suka zama na farko daga wajen Legas da suka ɗauke shi. Sun sake kaiwa wasan ƙarshe a 1954 da 1955, Kalaba ta doke su a na farko, Fatakwal a na biyu. Zuwa wasan ƙarshe sau uku a jere, daga gari mai nisan sama da kilomita 1,000 da Legas, ba sa'a ba ce. Ya nuna cewa cikin kimanin shekara arba'in da isowar jirgi Kano ta tara ƙungiyoyin da za a iya tace gwanaye daga cikinsu. Abin lura kuma, a watan Mayun wannan shekara ta 1953 ne aka yi tarzomar siyasa tsakanin mutanen birni da na Sabon Gari, wadda ta ci rayuka. A shekarar da garin ya rabu biyu aka kawo masa kofi da sunan Kano ɗaya.

Bayan samun 'yancin kai Turawa suka yi ta raguwa, ragamar ƙungiyoyi ta koma hannun attajirai da kamfanoni da ma'aikatun gwamnati. Da aka fara gasar lig ta ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos, wadda Alhaji Isiyaku Ibrahim ya ɗauki nauyinta, ita ta fara ci. A Kano tauraruwar Raccah Rovers ce ta haska, mai ɗauke da sunan gidan Raccah, 'yan kasuwar gyaɗa da asalinsu ya fito daga Tarabulus. Ta ci lig a 1978, a shekarar kuma ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, Pele ya buga wa baƙin. A takarda 'yan wasan wannan zamani 'yan dagaji ne, amma kowa ya san yadda ake yi: a ba gwani aiki a kamfani ko ma'aikata, sunansa na cikin masu albashi, aikinsa na gaskiya kuwa a fili yake.

An daina wannan ɓoye-ɓoye a 1990, lokacin da aka buɗe gasar ƙwararru. A shekarar aka haɗe WRECA ta hukumar ayyukan ruwa ta jiha, da Golden Stars, da Bank of the North, aka fitar da Kano Pillars, Alhaji Ibrahim Galadima na cikin jagororin aikin. Masu Gida, kamar yadda ake wa Pillars laƙabi, sun ci lig a 2008, 2012, 2013 da 2014, sun kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 2009 bayan sun fitar da Al Ahly ta Masar, sun kuma ci kofin ƙalubale a 2019. Sai dai Pillars ta gwamnatin jiha ce, da kuɗin baitulmali take tafiya. Kulob irin na asali, wanda 'yan wasa ke kafawa da kansu su kuma riƙe da aljihunsu, ya bar saman tsani ya koma unguwanni da ƙauyuka.

Yammacin Kano misali ne mai kyau. Ƙaraye da Rogo, da garuruwa irin su Fulatan, Zarewa da Beli, ba su kan hanyar dogo, ba su kuma taɓa zama mazaunin Turawan kamfani ba. Malamin makaranta ne ya kai musu ƙwallo, sai ɗan ci-rani da ya ga ana yi a Kano ko Zariya, sai rediyo. Babban sauyi ya zo da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, wanda ya dasa makarantu a ƙauyukan da ba su taɓa samu ba, kusan kowace da fili a gabanta. Yaran da suka fara da ƙwallon tsumma a waɗannan filaye su ne suka girma suka kafa ƙungiyoyin manya. Lambar zinare da Najeriya ta ci a Atlanta a 1996, da 'yan Arewa irin su Garba Lawal da Tijjani Babangida a cikin tawagar, ta sassauta zukatan iyaye da dama, gidajen kallo kuma suka kawo Firimiyar Ingila har ƙofar gida.

Ƙungiyar gari a wannan yanki ta manoma ce da teloli da 'yan acaɓa da malaman makaranta. Akwai ciyaman, da ma'aji, da koci wanda galibi tsohon ɗan wasa ne. Da karo-karo ake sayen ƙwallo da jesi, da shi ake ɗaukar hayar mota in za a je wasan sada zumunci a maƙwabta, har da garuruwan iyaka na jihohin Katsina da Kaduna. Gona ce ke tsara kalandar wasa. Da damina atisaye kan ja baya, domin wanda ya wuni yana noma ba shi da sauran ƙafar gudu. Bayan kaka, in amfani ya shiga rumbu kuma kuɗi ya shigo hannu, sai gasa ta kankama bayan la'asar, kan kofin da ciyaman na ƙaramar hukuma ko kansila ko wani mai hali ya sa. Irin wannan kofi yakan yawaita in zaɓe ya matso, ya kuma ɓace bayansa, abin da ke hana gasa ɗorewa shekara da shekaru.

A tsarin hukuma akwai tsani daga nan har sama: rajista da hukumar ƙwallo ta jihar Kano, sai gasar 'yan dagaji ta ƙasa da ake kira NLO, sai rukuni na biyu na NNL, sannan Firimiyar Najeriya. Kowane mataki na buƙatar kuɗin rajista, da na mota, da masauki da abincin 'yan wasa, waɗanda karo-karon manoma ba ya iya ɗauka. Shi ya sa galibi ƙungiyar takan tsaya a gida, gwaninta ne kaɗai ke tafiya Kano neman gwaji a wata babba.