Jinin Viking: Abin da gwajin DNA ke iya nunawa da inda ƙarfinsa ya ƙare

Miliyoyin mutane a Turai da Amurka sun tofa yawu a 'yar kwalba sun aika wa kamfanoni irin su AncestryDNA da 23andMe domin sanin tushensu. Bayan 'yan makonni sai a turo wa mutum sakamako, an rarraba asalinsa kashi-kashi tsakanin yankunan duniya. Da yawa daga cikin waɗanda suka ga sunan Sikandinebiya a nasu sakamakon kan ɗauka cewa sun samu hujjar zama jikokin Viking. Masana ƙwayoyin halitta ba su yarda da wannan saurin yanke hukunci ba, kuma suna da dalilai.

Viking dai su ne matuƙan jiragen ruwa daga ƙasashen da a yau ake kira Danmak da Norwe da Suwidin, waɗanda suka yi tashe wajen kai farmaki da fatauci da kafa matsugunai. Masana tarihi kan fara lissafin zamaninsu daga harin da suka kai wa gidan ibadar Lindisfarne a Ingila a shekarar 793, su rufe shi da yaƙin Stamford Bridge na 1066. Sun kai hari Ishbiliya ta Andalus a 844, kuma matafiyin Bagadaza Ahmad ibn Fadlan ya haɗu da wasunsu a bakin kogin Volga a 922. A tsohon harshensu kalmar tana nufin wanda ya fita farmaki ta teku. Sunan sana'a ce, ba sunan ƙabila ba, kuma akasarin mutanen yankin a wancan lokaci manoma ne da masunta da ba su taɓa fita yaƙi ba.

Matsala ta farko ta lissafi ce. Kowane mutum yana da iyaye 2, kakanni 4, iyayen kakanni 8, adadin yana ninkawa a kowane hawa. Shekaru 1,000 sun kai hawa 33, idan an ba kowane hawa shekaru 30, kuma a wannan nisa guraben kakannin mutum ɗaya sun haura biliyan 8, fiye da yawan mutanen duniya na lokacin nesa ba kusa ba. Ma'anar haka ita ce mutum guda yana cike gurabe da dama a salsala ɗaya, kuma kusan duk wanda ke da tushe a arewa maso yammacin Turai yana da ɗan Viking a cikin kakanninsa. Sai dai zama kaka bai tabbatar da cewa an gaji wani abu daga gare shi ba. A kowane hawa rabi ake karɓa daga uwa, rabi daga uba, saboda haka bayan hawa goma ko fiye, da yawa daga cikin kakanni ba su da ko ɗigon rabo a jikin jikansu.

Gwajin da kamfanoni suka fi sayarwa yana kwatanta ƙwayoyin halittar mutum ne da na mutanen da ke raye a yau a ƙasashe daban-daban. Idan ya nuna wa Ba'amurke kashi 15 cikin 100 na Suwidin, abin da ya fi kusa shi ne ya gaje shi daga wani manomi cikin ɗaruruwan dubban da suka yi ƙaura zuwa jihohi irin su Minnesota a ƙarni na 19. Akwai kuma gwajin kuromosom ɗin Y, wanda ɗa namiji ke gada daga uba, da gwajin mitokondiriya da ake gada daga uwa. Waɗannan biyu suna nisa sosai a tarihi, amma kowannensu zare ɗaya tak yake bi cikin dubbai. Reshen Y mai suna I1, wanda ake yawan yi wa laƙabi da tambarin Viking, ya girme su da dubban shekaru, kuma ana samunsa da yawa a Jamus da Holan.

Babban bincike kan ƙasusuwan mutanen zamanin da kansu ya fito a mujallar Nature a 2020, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Eske Willerslev na jami'o'in Copenhagen da Cambridge. An nazarci gawawwaki 442 daga kaburbura a sassan Turai da Girinlan. An gano cewa mutanen Danmak sun fi nufar Ingila, na Norwe suka nufi Ayalan da Aislan da Girinlan, na Suwidin kuma suka yi gabas ta tekun Baltik. Da yawansu ba su da farin gashin da fina-finai ke nunawa, kuma jininsu gauraye yake da na kudancin Turai da na gabas. A tsibiran Orkney an samu mutum biyu da aka binne da takubba irin na Viking, alhali ƙwayoyin halittarsu na mutanen Sikotlan da Ayalan ne. A Salme ta Estoniya kuwa, cikin maza 41 da aka binne a jiragen ruwa biyu wajen shekarar 750, huɗu 'yan'uwan juna ne, an kwantar da su kusa da kusa. Binciken ya kuma haɗa wani da aka kashe a Oxford da wani da aka binne a Otterup ta Danmak a matsayin dangi na kusa, kuma a 2021 aka ajiye ƙasusuwansu wuri ɗaya a gidan tarihin ƙasa da ke Copenhagen.

A Birtaniya lamarin ya fi rikitarwa. Wani bincike na 2015 a kan mutum 2,039 'yan karkara ya nuna cewa kimanin kashi 25 cikin 100 na ƙwayoyin halittar mutanen Orkney daga Norwe suke. Amma a gabashin Ingila, inda Viking na Danmak suka yi mulki suka bar sunayen garuruwa irin su Grimsby da Whitby, ba a ga wata alama ƙarara ba. Dalili ɗaya shi ne mutanen Anglo-Saxon da suka riga su zuwa da kusan shekaru 400 daga arewacin Jamus da Danmak ɗin suka fito, don haka raba jinin biyu aiki ne mai wuya.

Takardun salsala ma ba su kai can ba. A 1538 aka ba da umarnin rubuta baftisma da aure da jana'iza a majami'un Ingila, Suwidin kuma ta kafa irin wannan doka a 1686, wato akwai giɓin ƙarnuka tsakanin takarda mafi tsufa da ɗan Viking na ƙarshe. Ga kuma al'adar suna: ɗan Anders shi ne Andersson, nasa ɗan kuma zai ɗauki wani sunan, kuma sai a 1923 Norwe ta wajabta tsayayyen sunan iyali. Gidajen sarauta ne kaɗai ke da sarƙa mai ɗan ƙwari, kamar zuriyar Rollo, wanda ya karɓi yankin Normandi na Faransa a 911, kuma daga tsatsonsa William da ya ci Ingila da yaƙi ya fito. Salsalolin intanet da ke kai talaka ga fitattun jaruman almara, yawancinsu kwafe-kwafe ne da babu takarda a bayansu.

Aislan ce ta fita daban. Tsohon littafinta na Landnámabók ya kawo sunayen waɗanda suka fara zama a tsibirin tun wajen 874, ƙidayar 1703 ta rubuta kowa da sunansa, kuma tun 2003 'yan ƙasar ke duba dangantakarsu a rumbun Íslendingabók na intanet. Ko a can, nazarin kamfanin deCODE ya nuna cewa galibin mazan farko daga Sikandinebiya suke, amma fiye da rabin matan daga Ayalan da Sikotlan aka kawo su, da yawa ana kyautata zaton a matsayin bayi.

Mai niyyar yin gwajin yana kuma miƙa bayanan da ba nasa kaɗai ba ne, domin sukan tona asirin haihuwa da dangantakar da iyali suka daɗe suna rufewa. A 2023 masu kutse sun samu bayanan kusan mutum miliyan 6.9 daga 23andMe, kuma a watan Maris na 2025 kamfanin ya shigar da takardun fatara a kotun Amurka, abin da ya sa hukumomin wasu jihohi suka shawarci masu hulɗa da shi su goge bayanansu.